Magulmaciyar Layi na Sha Bakwai

Zuwa ga Uwata, ɗakin killacewa, gadon kusa da taga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki ya yi sauƙi, mu nan gida lafiya lau, in ban da dokar wanke hannu da uwarki, wato Hukuma, ta kafa, har fatar tafina ta fara neman wani uban gida.

Nas mai tabarau ta ce likita ya ƙwace miki kwamfuta da waya, don an kama ki kina aiki da robar iska a hanci. Ya kyauta. Ta ce takarda na iya shiga cikin kwandon abinci, amsarki kuma za ta ɗauki hotonta ta turo wayar Hukuma, tunda takardar da ta shiga ɗakin nan ba ta fitowa. To ga ni da biro.

An kawo kwamfutar jiya, an goge ta da magani har tana warin asibiti. Da na kunna ta na tarar da ɗan saƙonki: "Baba, ka riƙe mini jerin." Ki ji fa. Asibitinku cike da masu digiri, amma kika ɗauki jerin manhajojin lafiya na kyauta har sittin da uku, wanda ƙananan asibitoci ke dubawa kullum a cikin annobar nan, kika damƙa wa mai gyaran rediyo da ya bar makaranta a aji huɗu, kuma ranar da na bari ba malamin da ya yi kuka. Na sani, abokan aikinki ko ruwa ba sa samun sha, ni kuwa an rufe kasuwa, shagona na kulle. Wato rashin aikin yi ne takardar shaidata. Na karɓa.

Na bi ƙa'idojinki uku kamar yadda na sha ganin kina yi a kan teburin nan. Na danna kowane adireshi na ga ko yana raye. Na duba ko har yanzu kyauta ce, ba a fara neman kuɗi ba. Na sa kwanan wata. Biyu sun mutu, na ja musu layi. Ta ƙirga gadaje tana nan, ta bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai cutar tana nan, ta auna sauran iskar da ke cikin tukunya ma tana nan, wata ungozoma daga can nesa har ta rubuto a ƙasa tana godiya.

Amma na ƙara ƙa'ida ta huɗu, ba da izininki ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa mayar wa mutum rediyonsa ba sai na kunna a gabansa ya ji da kunnensa. Adireshi ya buɗe ba shi ne manhaja na aiki ba. Saboda haka zan sauke su ɗaya bayan ɗaya in gwada. Uku a rana, in wuta ta yarda.

Ki ci abincin duka. Hukuma na duba kwanon in ya dawo, kuma ni ake tuhuma.

Naki, tsohon da kika ɗora wa boko da tsufa,
Babanki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Jiki da sauƙi, tarin ne dai, kuma magana na gajiyar da ni. Rubutu ma haka, ka yi haƙuri da gajarta.

Na ba ka ne don kai kaɗai na sani ba ya cewa "na duba" alhali bai duba ba. Ka gwada in kana so, amma kada ka goge komai, kada ka taɓa layin wani. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka rubuta a takarda ka jira ni.

Ka bi a hankali da ta layi na sha bakwai, ta ajiyar bayanan marasa lafiya. Asibitinmu da ita muke aiki, ni na sa ta a jerin, kuma kamfanin da ya yi ta shi ya ba mu injinan numfashi goma. Ɗaya daga ciki yana gefen gadon matar da ke kusa da ni.

Ka sa takunkumi a hanci, ba a haɓa ba. Nas ta hango ka a bakin ƙofa.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa, ki gyara kwanciya, don labarin yau ba na tsaye ba ne. Uwarki na da ciki wata bakwai.

Kada ki cire robar. Ga yadda aka yi. Da na zo kan layi na sha bakwai, manhajar ta ce in shigar da mara lafiya. Ni ba ni da mara lafiya sai ke, ke kuma ba zan yi wasa da sunanki ba. Sai na waiga na ga Hukuma tana tsintar shinkafa, na ce ga banza ta faɗi. Na sa sunanta da lambar wayarta ta gaskiya, don ban iya ƙirƙirar lamba ba, lamba ɗaya na haddace a duniya. A wajen ciwo na ga jerin abubuwa, na danna wanda ya fi ba ni dariya. Shekara hamsin da takwas, juna biyu, wata bakwai.

Ranar Laraba da hantsi wayarta ta yi ƙara. Wata mai zaƙin murya ta ce, "Hajiya, barka da arziki, muna da maganin ƙarin jini na masu ciki, za a kawo har gida." Hukuma ta ce, "Ke 'yar nan, kin yi kuskuren lamba." Kafin azahar wani ya kira da gadon jariri. Kafin la'asar wata ta kira da inshora, ta faɗi cikakken sunan uwarki, ta faɗi watannin. A nan ne Hukuma ta ajiye waya ta dube ni, irin duban nan da kika sani. Ta ce, "Malam, wane ne ya ce ina da ciki?" Na ce, "Wallahi nima yau na ji, amma in haka ne ai sai mu gode Allah." Ba zan faɗa miki abin da ya biyo baya ba. Muciya dai tana nan lafiya, ni ne na ɗan samu rauni a mutunci.

Da na gama jinya sai na zauna na yi tunani. A shafin farko manhajar nan ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa bayanan mara lafiya ba sa barin kwamfuta. To wa ya gaya wa mai gadon jariri? Ruwa ba ya tsami banza. Amma mai gyara ba ya zargin waya ɗaya sai ya cire sauran. Na karɓi lambata daga wurin Hukuma a rubuce, na shigar da kaina a ta sha bakwai kaɗai, na ce ina da ciwon baya. Na ari lambar tela maƙwabcinmu, da saninsa, na sa shi a ta sha takwas da ta sha tara, su ma na ajiyar bayanai ne, na ba shi ciwon suga. Kwana uku tela bai ji ko gaisuwa ba. Ni kuwa an kira ni sau huɗu, har da mai katifa ta musamman. Gani ya kori ji.

Kin ce in rubuta a takarda in jira ki. Na rubuta, na jira rabin yini, sai na tuna ungozomar nan da ire-irenta suna nan suna sauke ta yau, suna zuba sunayen mutane na gaske masu ciwo na gaske. Ban goge komai ba, ban taɓa layin kowa ba. A ƙarƙashin naki layin na ƙara kalmomi kaɗan da jan rubutu: "Hattara. Wannan magulmaciya ce. An gwada, tana kai sunan mara lafiya da lambarsa da ciwonsa ga 'yan talla." Na sa kwanan wata.

Da ma an ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Sauran sittin ɗin dai ban kama su da komai ba tukuna.

Hukuma na gaishe ki. Ni ba ta gaishe ni.

Babanki.

*

Daga ofishin Sakataren Kwamitin Gudanarwa na asibiti,
Zuwa ga mahaifin jami'armu ta sashen bayanai.

Malam,

Bayan gaisuwa da jajanta rashin lafiyar 'yarka, wadda muke yi wa fatan samun sauƙi, an umarce ni da in sanar da kai abubuwa kamar haka.

Kwamiti ya samu ƙorafi daga kamfanin da ya samar da manhajar da ke layi na sha bakwai a jerin da 'yarka ke kula da shi, wanda ke ajiye a shafin asibitinmu. Kamfanin ya bayyana cewa kalmar da aka yi amfani da ita ɓatanci ce, kuma wanda ya rubuta ta ba shi da wata ƙwarewa da aka sani a wannan fanni. Ina tunatar da kai cewa kamfanin abokin tafiyar asibiti ne a wannan mawuyacin lokaci, kuma ana sa ran ƙarin injina daga gare shi.

Don haka ana buƙatar ka cire jan rubutun kafin ƙarfe sha biyun ranar Jumma'a, ka kuma sa hannu a takardar da ke haɗe, wadda ke cewa kuskure ne. Idan ba a yi haka ba, za a karɓe mabuɗin jerin, kuma kwamiti zai duba batun miƙa kalmar sirrin aiki ga wanda ba ma'aikaci ba, laifin da hukuncinsa kan kai ga sallama daga aiki.

Muna fatan za ka duba maslahar 'yarka.

Naka cikin girmamawa,
Sakatare.

*

Baba,

Ina gaisuwa. An kawo mini kwafin takardar Sakatare har gado.

Ka cire. Don Allah ka cire. Shekara shida na yi kafin in samu aikin nan, kai ka san takalma nawa na kashe. Na ce ka jira ni, ba ka jira ba. Kullum haka kake, komai abin dariya ne har sai ya fashe a hannun wani.

In na fito zan bi ta hanyar da ta dace, in rubuta rahoto, in kai wa masana su duba. Ba a rubuta "magulmaciya" a takardar aiki, Baba. Kuma in suka fasa ba da injinan fa? Jiya an rasa mutum biyu a ɗakin nan suna jiran layi.

Zazzaɓin ya dawo. Ba na son in kwanta da wannan a raina. Ka sa hannu kawai.

'Yarka.

*

Zuwa ga Malam Sakatare,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai ofis, takardarka ta iso, kuma na karanta ta sau uku. Sau biyu don bokona gajere ne, na ukun don in ga ko akwai inda aka ce abin da na rubuta ƙarya ne. Ban gani ba. Wataƙila yana bayan takardar, na juya, fari fat.

Kun ce ba ni da ƙwarewa. Wannan gaskiya ne, har ma kun rage. Ban san yadda cikin manhaja yake ba, ko an buɗe mini ba zan gane ba. Amma in na zuba ruwa a tulu na ga ƙasa ta jiƙe, ba sai na je jami'a ba kafin in ce yana yoyo.

Kalmar "magulmaciya" in ita ce ta yi zafi, na yarda ba ta ofis ba ce, na cire ta yau da safe. Na sa "tana fitar da sirrin marasa lafiya". In kuna da wadda ta fi taushi kuma ba ta canza zancen ba, ku turo. Sauran kuwa yana nan, kuma takardar kuskure ba zan sa mata hannu ba. Na yi kuskure da yawa a rayuwa, wasu har suna kirana Baba a kasuwa don na ba su bashi, amma wannan ba ya ciki.

Ga shawara kyauta. Kai ma kana da waya, ranka ya daɗe. Ka shigar da sunanka da lambarka, ka zaɓi ciwon da ba za ka so surukanka su ji ba, ka jira kwana uku. In ba a kira ka ba, zan zo ofishinka da ƙafata in sa hannu sau goma.

Batun injina, Allah ya saka wa wanda ya bayar. Amma in kyautar tasu ba ta tsayawa sai an rufe baki, to ba kyauta ba ce, ciniki ne, kuma da asirin marasa lafiyarku ake biya, su kuwa ba a tambaye su ba.

'Yata ba ta san na rubuta jan rubutun ba sai bayan na yi, ta kuma umarce ni in cire, na ƙi. Ku rubuta wannan a fayil ɗinku. In akwai wanda za a kora, ga ni, sai dai za ku fara ɗaukata aiki tukuna.

Na bar ka lafiya.
Mai gyaran rediyo, aji huɗu.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Yaya zazzaɓin? Nas ta ce ya sauka, ta ce kin sha shayi. Na yi mata addu'a har ta ji kunya.

Ban cire ba. Na san kin ji. Takardarki na karanta ta a wayar Hukuma, a tsaye a bakin ƙofar asibiti, na koma gida na zauna gaban kwamfuta, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na daɗe a haka. Kin ce komai abin dariya ne a wurina. Ba haka ba ne, Uwata. In na ji tsoro ne bakina ke sakin zance, kuma tun ranar da aka kwantar da ke bai rufu ba.

Hukuma ce ta zo ta tsaya a kaina. Na zaci za ta ce in goge. Sai ta ce, "Ni ƙarya aka yi mini, na yi fushi na kwana biyu ya wuce. Wadda cikin nata na gaske ne kuma ba ta gaya wa kowa ba fa, a kira wayar gidansu?" Ta koma kicin. Na ɗauke yatsana.

Ranar Jumma'a sha biyu da minti biyar mabuɗin ya daina buɗewa. Kafin ƙarfe ɗaya jan rubutun ya ɓace daga shafin asibiti, layi na sha bakwai ya koma fes kamar bai taɓa yin komai ba.

Sai dai akwai abin da Sakatare bai karanta ba. A can ƙasan jerin, da ƙananan baƙaƙe, ke da kanki kin rubuta cewa jerin na kowa ne, kowa na iya kwafa ya gyara ya raba. Ni kuwa ina cikin kowa. Tun ranar Alhamis na kwafe shi duka, na tambayi ungozomar nan inda ake ajiye irin wannan ba a shafin kowa ba, ta nuna mini ta waya, mataki-mataki, tana yi mini tsawa kamar mai naƙuda. Yanzu yana can da gargaɗinsa, da yadda na yi gwajin dalla-dalla don kowa ya maimaita. Ita ta gwada da lambar mijinta. An kira shi. Wasu asibitoci huɗu sun rubuto sun ce sun daina amfani da manhajar. Wani ya rubuto ya zage ni, ya ce wane ne ni. Na amsa masa da gaskiya: mai gyaran rediyo, aji huɗu.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne naki. Sun sa ranar zama a kanki, Talata ta sama. A sabon jerin ban sa sunanki ko'ina ba, nawa ne kaɗai, don ki iya cewa tsohon ne ya haukace, kuma duk unguwa za ta ba da shaida. Ki faɗi haka, ba zan ji haushi ba. In aikin ya tafi ta dalilina, ban san da wane ido zan dube ki ba. Amma da na goge, ban san da wane hannu zan ƙara sa kwanan wata a ƙarƙashin wani layi in ce na duba ba.

Yau na gwada ta talatin da ɗaya, ta ganin likita ta bidiyo. Tana aiki, sai dai ta nuna mini fuskata, kuma ba wanda ya gargaɗe ni.

Ki yafe wa babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da Mama. Gwaji na biyu ya fito, babu cutar. Litinin za a sallame ni.

Mutum dubu biyu da ɗari uku na shigar a manhajar nan da hannuna tun farkon annoba. Jiya na tambayi matar da ke gadon kusa da ni ko ana kiran gidansu. Ta ce tun satin da aka kwantar da ita, har da masu sayar da likkafani.

Ga takarda ta biyu nas za ta turo. Gargaɗin ne, na sake rubuta shi da harshen aiki, na sa cikakken sunana da muƙamina da sa hannuna. Ka liƙa hotonta a saman sabon jerin yau, kafin Talata, ba bayanta ba. Ba zan ce tsoho ya haukace ba. In za su kora, su kori wadda ta san abin da ta sa wa hannu.

Har yanzu ina fushi da kai. Ka zo da wuri ranar Litinin, ka taho mini da takalmi, da silifa aka kawo ni.

'Yarka.